Tambaya da Amsa: Lambun Hamada a Ƙasar Dusar Ƙanƙara

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen sanyi, kuma duk abu ɗaya ke damunsu: yadda za a yi lambun da bai cika shan ruwa ba a wurin da ƙasa kan daskare wata huɗu ko biyar a shekara.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi gida a Kalgari, Kanada. Ciyawar ƙofar gidan ta ishe ni da kuɗin ruwa da wahalar yanka. Ina so in cire ta in shuka tsirran gida masu jure fari, irin su kariya, zabo, tumfafiya da aduwa. Wanne ne zai fi yi? Daga wani mai karatu a Kalgari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada mu ɓoye maka, ko ɗaya daga cikinsu ba zai kai watan Nuwamba a waje ba. Tsirran Sahel sun san ƙishi, amma ba su san daskarewa ba. Kariya da zabo suna tara ruwa a jikinsu, kuma ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar sai ta kece naman tsiron daga ciki, da rana ta fito ka tarar da shi ya narke. Kariya tun sanyi yana digiri 10 a ma'aunin Celsius take fara shan wuya, a sifili kuwa ta gama. Kalgari tana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili.

Amma shawararka ta cire ciyawar tana kan hanya. Ruwan sama da dusar ƙanƙarar da Kalgari ke samu a shekara bai wuce milimita 420 ko kusa da haka ba, wato kusan abin da Damagaram ke samu, kuma a watan Yunin 2024 da babban bututun ruwan birnin ya fashe an hana ban ruwa a waje na tsawon makonni. Abin da za ka nema shi ne tsirran hamadar sanyi, waɗanda asalinsu daga busassun filayen kudancin lardunan Albata da Saskacewan na Kanada ne, ko tsaunukan yammacin Amurka.

Masu sayar da dashe suna manna wa kowane tsiro lambar yankin sanyi. A tsarin ma'aikatar gona ta Amurka, yanki na 3 shi ne inda sanyi kan kai tsakanin digiri 34 da 40 ƙasa da sifili, na 4 tsakanin 29 da 34, na 5 tsakanin 23 da 29. Masu lambu a Kalgari suna lissafi da na 3 zuwa na 4, saboda haka duk abin da aka rubuta wa 5 ko 6 caca ce.

Da sunayen Latin za ka saye su, don haka ga su. A cikin kaktus, wato tsirran hamada masu ƙaya da ke tara ruwa a jikinsu, akwai Opuntia polyacantha da Opuntia fragilis, masu furanni ruwan ɗorawa. Na biyun yana fitowa da kansa har yankin kogin Peace, can arewa da Kalgari da nisa. Akwai Escobaria vivipara, ɗan dunƙulalle mai jan fure. Don tsayi da kwarjini ka sa Yucca glauca, mai siraran ganyaye masu tsini. Don rufe ƙasa, Sempervivum da ƙananan Sedum ba sa ba da kunya. Artemisia frigida, 'yar'uwar tazargade, tana ba da launin toka mai kyau, Penstemon kuma ya kawo fure a Yuni. In kana son ɗan ciyawa a tsakani, Bouteloua gracilis gajera ce kuma ba ta neman yanka. Agave dai, mai kaurin ganye da ƙaya kamar zabo, ka haƙura da ita, ba ta Kalgari ba ce.

Tazara: Opuntia santimita 60 zuwa 90, Yucca mita ɗaya, Sempervivum santimita 15 zuwa 20. A shekarar farko wurin zai yi kamar babu kowa, kada wannan ya sa ka cusa su.

Abu biyu na Kalgari musamman. Iskar nan mai ɗumi da ake kira cinuk takan narkar da dusar ƙanƙara a tsakiyar Janairu, ta bar tsirrai a tsirara, sannan sanyi ya dawo musu da ƙarfinsa. Dusar ce bargonsu, don haka da ƙasa ta daskare a Nuwamba ka ɗora wa ƙananan rassan itacen fir ko na pain sama-sama, yadda iska za ta ratsa. Na biyu, kada ka tono tsiro daga daji. Yucca glauca tana cikin tsirran da doka ke karewa a Kanada.

Tambaya: Bara na shuka kaktus takwas da Agave biyu a Denba, duka an rubuta suna jure sanyinmu. Ƙasata laka ce, sai na haƙa wa kowanne rami na cika da rairayi. Sun wuce Janairu lafiya, amma a Afrilu gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Sanyi ne ya kashe su? Daga wata mai karatu a Denba, Amurka.

Amsa: Hajiya, ruwa ne ya kashe su. Wannan shi ne abin da ya fi kashe lambun hamada a ƙasar sanyi, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kansa.

Ramin da kika haƙa a cikin laka kika cika da rairayi ya zama wurin taruwar ruwa. Ruwa yana shiga rairayi da sauri, amma laka ta tare shi ta ƙasa da ta gefe. A Denba watan Maris ne aka saba samun dusa mafi yawa, mai nauyi da jiƙa, sai ruwan Afrilu ya biyo baya. Saiwar tsiron da ke barci ta zauna cikin ruwa mai sanyi, babu iska, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa. Kaktus ɗin da zai jure digiri 25 ƙasa da sifili a busasshiyar ƙasa yana iya mutuwa a digiri 5 ƙasa da sifili idan ƙafarsa a jiƙe take. Gauraya rairayi mai laushi da laka ma ba mafita ba ce. Duk wanda ya ga ana kwaɓa ƙasar gini ya san abin da ke fitowa: tubali.

Ki fara da gwaji. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, sake cikawa, sannan ki auna bayan awa ɗaya. Idan ruwan bai sauka da santimita 2 da rabi ba, kada ki shuka komai a cikin wannan ƙasa. A kanta za ki gina.

Zaɓi wurin da ke samun rana awa shida zuwa takwas, mai fuskantar kudu ko kudu maso yamma. Ya yi nesa da bakin indararo, da inda dusa ke zamowa daga rufi, da inda kuke tara dusar da kuka kwashe daga hanyar mota, domin wannan tana ɗauke da gishirin da ake barbaɗa wa titi. Kafin ki sa shebur a ƙasa ki kira lamba 811, su zo su yi alamar inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Kyauta ne.

Cire ciyawa da saiwarta, zurfin santimita 5 zuwa 8. Sassauta lakar da ke ƙasa da cokalin haƙa, zurfin santimita 10 zuwa 15, ki gauraya ta da ɗan tsakuwa, don kada a samu iyaka mai kaifi tsakanin tsohuwar ƙasa da sabuwa inda ruwa zai kwanta. Sannan ki tayar da tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 45 a tsakiya, yana gangarowa ta kowane gefe, kuma gangaren ya kau da ruwa daga ginin gida.

Haɗin ƙasar tudun: baro biyu na fasasshiyar tsakuwa mai girman milimita 5 zuwa 10, baro ɗaya na yashi mai kauri irin na kwaɓa kankare, baro ɗaya na ƙasar lambu. Fasasshiya muka ce, domin tsakuwar rafi mai santsi tana gangarewa, ba ta riƙe tudu. Wuri mai mita 2 da mita 3 zai ci kusan kubik mita 2: ɗaya na tsakuwa, rabi na yashi, rabi na ƙasa. Kubik mita ɗaya na tsakuwa ya kai tan ɗaya da rabi, don haka a kawo miki da mota, kada ki ce za ki yi jigila da buhu. Babu taki, babu kashin dabbobi. Ƙasa mai ƙarfi tana sa tsiro ya yi girman gaggawa, jikinsa ya cika da ruwa, sanyin farko ya kwantar da shi.

Manyan duwatsu ki binne sulusinsu ko rabinsu. Suna shan zafin rana su sake shi da dare, kuma saiwa tana son bin ƙarƙashinsu. Masu lambun ƙasar Cek sun shahara da wata dabara ta jera faffaɗan duwatsu a tsaye, gefe da gefe, da tazarar yatsa biyu ko uku, a cika tsakanin da yashi a shuka a ciki. Ruwa yana zarcewa ƙasa kai tsaye, saiwa ta bi shi. Lambun tsirrai na Denba yana da irinsa, ya kamata ki je ki gani da idonki kafin ki fara. Bayan gini, jiƙa tudun sosai ki bar shi mako biyu ko uku ya zauna.

Lokacin dashe daga tsakiyar Mayu ne zuwa ƙarshen Yuni. Dashen Satumba ba ya samun lokacin kafa saiwa, kuma daskarewa da narkewar ƙasa sukan turo shi waje. Ƙasar da tsiron ya zo da ita daga shago baƙa ce mai riƙe ruwa, ki karkaɗe ta ko ki wanke ta, ki ajiye kaktus ɗin a inuwa kwana biyu ko uku saiwar da ta karye ta bushe. Dasa shi wuyansa ya ɗan ɗara ƙasa. Agave ki ɗan karkata ta gefe ɗaya yadda ruwa ba zai kwanta a tsakiyar ganyenta ba. Agave parryi ce ta fi dacewa da Denba, ita ma sai a wuri mafi bushewa. A ƙarshe shimfiɗa tsakuwa zalla, kaurin santimita 5, har ƙarƙashin wuyan kowane tsiro. Wannan zai ci kusan rabin tan. Kada ki sa ɓawon itace, yana riƙe laima a wuya. Kada kuma ki shimfiɗa leda ko yadin hana ciyawa a ƙasa: ƙura tana taruwa a kansa, ciyawa ta fito ta sama, ƙasa kuma ta kasa numfashi.

Ki duba ko hukumar ruwan unguwarku tana ba da tallafin cire ciyawa. Hukumar ruwan Denba ce ta fito da sunan xeriscape, wato lambun da bai cika shan ruwa ba, a 1981, kuma da wannan suna za ki nemi bayani.

Tambaya: Nawa zan riƙa ba su ruwa? Kuma tun Oktoba kaktus ɗina suka yanƙwane, suka yi ja-ja, suka kwanta a ƙasa. In cire su? Daga wani mai karatu a jihar Yuta, Amurka.

Amsa: Kada ka taɓa su, Malam, lafiyarsu ƙalau. Da yini ya fara gajarta, kaktus na ƙasar sanyi yana rage ruwan jikinsa da kansa, abin da ya rage ya yi kauri, ya yi wuyar daskarewa. Wanda ya shiga Disamba a cike fam shi ne abin tsoro. Ka danna shi da bayan cokali: in ya yanƙwane amma da tauri, barci yake. In ya yi laushi, ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, yana wari, ruɓa ce. Sai ka yanke da wuƙa mai tsabta har ka kai lafiyayyen nama, ka shanya ɓangaren mai kyau mako guda a inuwa, ka kafa shi santimita 2 ko 3 cikin tsakuwa idan ɗumi ya dawo. Kada ka yanke wa kowane tsiro hukuncin mutuwa kafin ƙarshen Mayu.

Batun ruwa kuwa, jure fari sai tsiro ya kafu. Sabon dashen kaktus a bar shi mako ɗaya babu ruwa, daga nan lita ɗaya ko biyu duk kwana 10 zuwa 14. Masu fure da ciyayi da ƙananan itatuwa su samu kimanin lita 5 sau biyu a mako a watan farko, sannan sau ɗaya a mako har ƙarshen zafi. A zuba a hankali a gindi ya shiga ƙasa sosai. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Shekara ta biyu, duk mako biyu ko uku a lokacin zafi. Daga ta uku, sai an yi dogon fari. Kaktus da Agave a yanke musu ruwa tun farkon Satumba.

Ƙananan itatuwa masu ganye duk shekara lissafinsu daban. Idan hunturu ya bushe babu dusa a ƙasa, a ba su ruwa sau ɗaya a wata, da tsakar rana, ranar da ɗumi ya haura digiri 5 kuma ƙasa ba a daskare take ba.

Tambaya: Mu a Mancesta sanyinmu bai kai na Kanada ba. Ke nan komai zai yi a nan? Daga wata mai karatu a Ingila.

Amsa: Malama, ta wani ɓangaren naku ya fi wuya. Kuna samun sama da milimita 800 na ruwa a shekara, hunturunku jiƙe yake, rana kuma ba ta fitowa ta busar da komai. Opuntia da ke kwana lafiya ƙarƙashin dusar Albata tana iya ruɓewa a Mancesta ba tare da an yi wani sanyin kirki ba.

Misalin da kowa ke kawowa a Ingila shi ne lambun tsakuwar marigayiya Beth Chatto a Essex, wanda ta yi a farkon shekarun 1990 a tsohon wurin ajiye motoci, kuma ba a yi masa ban ruwa. Sai dai can ɗaya ne daga yankuna mafi bushewa a ƙasar, ruwansu kimanin milimita 500 ne, ƙasar wurin kuma dama yashi ce da tsakuwa. Abin koyi a wurinta shi ne zaɓen tsirrai. Ki karkata ga na yankin Bahar Rum da makamantansu: lavenda, Cistus, Eryngium, Verbascum, Stipa gigantea, manyan Sedum, da Yucca filamentosa. Euphorbia characias ma tana yi sosai, dangin tinya ce, kuma farin ruwanta yana ƙona fata da ido kamar na tinya.

In kin dage sai kaktus da Agave, tudunki ya kai santimita 45 zuwa 60, tsakuwa da yashi su zama kashi huɗu cikin biyar na haɗin. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Maris ki yi musu rumfa da farantin roba mai tauri wanda haske ke ratsawa, santimita 30 zuwa 50 sama da kansu, a karkace, a ɗaure da kyau saboda iska. Gefuna huɗu a buɗe. Naɗe tsiro da leda yana tara gumi a ciki, ya kashe shi da wuri. Ki sa ido kan dodon koɗi a Afrilu da Mayu, yana cinye sabon toho kafin ƙaya ta yi ƙarfi.

Tambaya: Ina da kariya da zogale a tukunya a Minesota. Yaya zan tsallakar da su hunturu? Daga wata mai karatu a Amurka.

Amsa: Wannan mai yiwuwa ne, 'yar'uwa, matuƙar za su kwana a ɗaka. Kariya tana son tukunyar ƙasa mai huda a gindi, rabin abin da ke ciki ya zama tsakuwa ko farin dutsen nan mara nauyi da ake sayarwa a shagon lambu. Da sanyin dare ya sauko digiri 12, wanda a wurinku yakan faru a Satumba, ki shigo da ita taga mai fuskantar kudu. Kada ganyenta ya taɓa gilashi, kada kuma ta zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Za ta zubar da ganye, kuma a nan ne mutane ke kashe ta da tausayi, su yi ta zuba ruwa. Tsiron da ba shi da ganye ba ya sha. Rabin kofi sau ɗaya a wata ya isa, shi ma sai in gindin ya fara motsewa. In kin ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a hammatar rassa, goge su da auduga da aka tsoma a sifirit. Ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da yara da kyanwa.

A farkon Yuni ki fara fitar da ita inuwa, kina ƙara mata rana kaɗan-kaɗan har kwana 10 zuwa 14. In kin kai ta rana kai tsaye za ta ƙone.

Zogale ya fi sauƙi a ɗauke shi amfanin shekara ɗaya: shuka iri a ɗaka a Afrilu, fitar da shi a Yuni, ki yi ta tsinkar ganye har Satumba. In kina son ajiye shi, sare shi ya rage santimita 30, ki bar tukunyar kusan a bushe a ɗakin da bai sauka ƙasa da digiri 10 ba.

Tambaya: Ina da ƙananan yara. Ƙayar ba za ta zama matsala ba? Daga wani mai karatu a Winifeg, Kanada.

Amsa: Za ta iya, Malam. Dogayen ƙayoyin ana ganinsu a kauce. Masu wahalar su ne ƙananan da ke cunkushe a idon Opuntia kamar gashi, masu ƙugiya a baki, da an taɓa su sun shige fata. Opuntia fragilis kuma gaɓoɓinta suna ɓallewa su maƙale a wando ko a jikin dabba. Ka sa kaktus aƙalla mita ɗaya daga hanya, a bayan manyan duwatsu, ka datse tsinin ganyen Yucca da almakashi. Wajen aiki ka kama su da awartakin gasa nama na kicin, domin safar hannu tana kwashe ƙananan ƙayoyin ta ajiye maka su zuwa wani lokaci. In sun shiga hannun yaro, a cire na fili da hantsaki, sannan a shafa farin gam na katako, a ɗora bandeji, a bari ya bushe a ɗaye. In a ido ne ko a baki, asibiti kai tsaye.

In yaran ba su kai shekarun jin magana ba, ka jinkirta kaktus. Sempervivum, Sedum, Artemisia, Penstemon da gajerun ciyayi za su ba ka kamannin wurin babu ƙaya ko ɗaya, kuma tudun da ka gina musu shi ne dai wanda kaktus zai buƙata daga baya. Ganyen bishiyoyin maƙwabta da ke zubowa a Oktoba ka kwashe shi kafin dusa ta danne shi, domin in ya jiƙe a kan Sempervivum yana ruɓar da tsakiyarsa.